Kafin Ka Zargi Kod: Abin da Ke Hana ESP32 Kama Wi-Fi

Duk wanda ya taɓa haɗa wata 'yar na'ura da ESP8266 ko ESP32 ya san ɗigogin nan. Ka loda mata kod, ka buɗe tagar Serial Monitor a kwamfuta, sai ɗigo ya fito, wani ya biyo bayansa, har layi ya cika ya gangaro na ƙasa. Kowane ɗigo rabin daƙiƙa ne na jira, Wi-Fi kuwa shiru.

Ga wanda bai san su ba, waɗannan ƙananan ƙwaƙwalen lantarki ne da kamfanin Espressif na birnin Shanghai a ƙasar Sin yake ƙerawa. ESP8266 ta shigo hannun jama'a a 2014, ƙanwarta ESP32 ta biyo baya a 2016. Arha da ƙanƙanta suka sa suka bazu. Irinsu ne a cikin ƙwayayen fitila da soket-soket da ake kunnawa daga waya, kuma su ɗalibanmu na jami'o'i da kwalejojin kimiyya suka fi saye idan aikin kammala karatu ya zo: mai auna ruwan tanki, mai lura da zafin ɗakin kaji, mai kunna famfon ban ruwa daga nesa. Idan Wi-Fi ya ƙi, abin da akasari ake yi shi ne a koma intanet a kwafo wani kod, ya ƙi, a sake kwafo wani. A ganina nan ake ɓata yawancin lokaci, domin layukan da ke haɗa na'urar da Wi-Fi ba su fi biyar ba, kuma da wuya laifin ya zama nasu.

Kafin na'ura ta aika ko da harafi ɗaya zuwa intanet, sai ta hango rauta, ta yi musabaha da ita a kan kalmar sirri, ta karɓi adireshi, sannan ta sami hanyar fita waje. A kowanne daga cikin waɗannan tana iya tsayawa, kuma maganin wani ba ya yi wa wani. Abin daɗin shi ne tana faɗin inda ta tsaya idan an tambaye ta. A saita Serial Monitor a kan 115200, a sa kod ya buga lambar dalilin yankewa a madadin ɗigo. Lamba 201 na nufin ba ta ga rautar ba sam. Lamba 15 na nufin ta gani, amma musabahar ba ta kammalu ba. Lamba 200 kuwa ta kama, daga baya ta daina jin muryar rautar. Minti biyar na wannan aikin ya fi kwana biyu na canje-canje a makance.

Amma tun kafin lambobin, akwai abin da ya kamata a fara kawarwa, wato yunwar wuta. Muddin rediyon cikin ESP32 a kashe yake, wutar da take ja 'yar kaɗan ce. Da zarar ta buɗe baki za ta yi magana da rauta, sai ta fizgi kusan miliyam 240 a lokaci guda, shi ya sa masu ƙera ta suka ce a tanadar mata abin da zai iya ba da miliyam 500 ko fiye. Wanda ya taɓa ganin yadda ƙwan fitila ke dusashewa idan firji ya tashi a kan ƙaramin janareta ya riga ya fahimci lamarin. Na'urar tana aiki da bolt 3.3. Idan fizgar ta janyo shi ƙasa zuwa wajen 2.4, mai gadin da ke cikinta sai ya kashe ta ya sake tayar da ita, ta rubuta "Brownout detector was triggered", ta sake gwada Wi-Fi, ta sake faɗuwa. ESP8266 ba ta ma da wannan ladabin na yin bayani. Sai dai ka ga ta watso haruffan da ba sa karantuwa ta fara daga farko, ko ta sandare.

Abin da ke rikita mutane shi ne komai yana aiki lafiya har zuwa layin Wi-Fi. Fitila tana ƙyaftawa, rubutu yana fita, ana zuwa layin sai ta mutu, don haka sai a ce layin ne. A sa mita kuma a ga 3.3 cif, domin faɗuwar ba ta kai ƙiftawar ido ba, mitar hannu ba ta iya kama ta.

Mai laifin farko yawanci kebul ne. Ɗauki irin siririn nan da ke zuwa da tocila ko ƙaramar fanka mai caji, ka yanke shi ka duba: silin tagullar da ke ciki bai fi gashi 'yan ƙwarori ba. Bolt 5 ne ke shiga ta wancan bakin, amma idan aka ja wuta da ƙarfi, wani kaso yana narkewa a hanya. Regiletar AMS1117 da ke kan yawancin allunan nan kuma tana bukatar abin da ke shigo mata ya ɗara 3.3 da kusan bolt 1 kafin ta riƙe aikinta. Gajeren kebul mai kauri da cajar waya ta kirki sun warkar da allunan da aka riga aka yanke wa hukuncin jabu ne. Na biyu shi ne ɗora ƙaramin allon ESP8266 mai suna ESP-01 a kan ƙafar 3.3 ta allon Arduino Uno, wadda aka rubuta mata miliyam 50 kacal. Na uku, a haɗa moto ko rile ko famfo a kan layin wuta ɗaya da na'urar. Kafasita mai maikurofarad 470 a dab da ƙafafun wutar allon tana cike giɓin fizgar, amma ba ta maye gurbin wutar da babu.

Akwai 'yan layukan kod da ke yawo a intanet waɗanda ke kashe mai gadin nan baki ɗaya. Saƙon yana ɓacewa, gaskiya ne. Yunwar kuwa tana nan, sai dai yanzu na'urar za ta ci gaba da aiki a wutar da ba ta ishe ta ba, ta riƙa kurakuran da ba su da suna. Ban ga hikimar hakan ba.

Idan wuta ta tabbata kuma lambar 201 ce, sai a sa na'urar ta lissafo duk Wi-Fi da take ji a wurin. Akwai misalin yin haka a cikin manhajar Arduino mai suna WiFiScan. Idan ta lissafo na maƙwabta ba ta ga naka ba, zargi na farko zango ne. ESP8266 da ESP32 ta asali, har da Raspberry Pi Pico W da ta fito a 2022, duk a zangon gigahaz 2.4 kaɗai suke ji. Wayoyi da rautocin zamani kuwa suna son gigahaz 5. Wayarka za ta nuna maka Wi-Fi cike da sanduna, na'urar da ke gefenta ba ta san yana duniya ba. A Android ana zaɓar zango a saitin hotsfot, a iPhone 12 zuwa sama kuma sai an kunna maɓallin Maximize Compatibility. Ko a cikin 2.4 ɗin ma akwai tashoshi: Amurka ta tsaya a 11, yawancin duniya suna kaiwa 13, kuma na'urar da ba a gaya mata ƙasar da take ba tana iya ƙin leƙa 12 da 13. Rautar da ke zaɓar tasha da kanta za ta iya komawa can cikin dare, gari ya waye na'urar da ke aiki jiya ta makance. A ɗaure rautar a tasha 1 ko 6 ko 11 a huta.

Sai suna. Babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurinta, haka ma sarari a ƙarshen suna da ido ba ya gani. Akwai wani tarko da iPhone ke ɗanawa: sunan hotsfot ɗinta sunan wayar ne, kuma alamar ɗaurin (') da kan kasance a ciki lanƙwasasshiya ce, ba miƙaƙƙiyar da ke kan madannan kwamfuta ba. A ido kusan iri ɗaya ne, a wurin na'ura haruffa ne daban. Mu da muke da ƙ da ɗ da ɓ a sunayenmu, gara a ba Wi-Fi ɗin gajeren suna mara ƙugiya.

Lissafin nan yana nuna ƙarfin kowace sigina da lamba mai alamar ragi. Wajen −50 lafiya lau ne, −70 ana lallaɓawa, −80 kuwa sai yanke-yanke. Kada kusancin lambobin ya ruɗe ka, domin kowane 10 ninki goma ne, wato −80 ya fi −50 rauni sau 1,000. Eriyar na'urar ita ce zanen tagullar nan mai lanƙwashe-lanƙwashe a bakin allon, kuma ba ta son ƙarfe ko tarin wayoyi a kusa da ita. Aiki yakan yi kyau a kan tebur, ranar gabatarwa a zuba shi cikin akwatin ƙarfe don ya yi kyan gani, a rufe murfi, shi ke nan. Kwanon rufi, ƙofar ƙarfe da tankin ruwa duk suna tare sigina. Idan dole sai akwatin ƙarfe, akwai samfurin ESP32-WROOM-32U mai gurbin eriyar waje.

Lamba 15 tana da nata sirrin. A tsarin WPA2 kalmar sirri ba ta bi ta iska. Kowane ɓangare yana yin lissafi da ita, ya aika sakamakon. Idan na na'urar bai yi daidai ba, rautar ba ta cewa ka yi kuskure, watsar da saƙon take yi, na'urar ta jira har lokaci ya ƙare. To saƙon da ya ɓace saboda raunin sigina ko faɗuwar wuta ma haka yake ƙarewa, shi ya sa lambar ɗaya take fitowa a duka. A kawo na'urar kusa da rautar a sake gwadawa. Idan har yanzu 15 ce, a duba kalmar harafi-harafi, kuma a tuna ba ta gaza haruffa 8. A duba tsarin tsaron ma, domin a Arduino ESP8266 ba ta san WPA3 ba.

Ragowar matakan ba su da wuyar ganewa. MiFi da hotsfot suna da iyakar na'urorin da suke ɗauka, da yawa goma ne, kuma a ɗakin kwanan ɗalibai goma ba ta da wuyar cika. Wanda ya kwafo kod mai kafaffen adireshi 192.168.1 da wani abu, alhali MiFi ɗinsa na Huawei yana kan 192.168.8.1, zai ga an kama amma ba abin da ke wucewa. Wi-Fi na otal ko makaranta mai buɗo shafin shiga ba zai yi ba, domin na'urar ba ta da burauzar da za ta cike shafin. ESP8266 tana farkawa ne da agogonta a 1 ga Janairu 1970, don haka idan an ce ta tantance takardar shaidar shafi mai HTTPS, sai ta fara karɓo lokaci daga intanet, in ba haka ba ta ƙi takardar. Kuma kafin a kwance komai, a duba ko data ce ta ƙare.

Akwai matsala guda da misalan da ake kwafowa ba su cika damuwa da ita ba, domin an rubuta su ne a inda wuta ba ta yawan ɗaukewa. A nan kuwa kullum ce. Idan aka dawo da wuta, na'urar tana tashi cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, rauta kuwa sai ta ɗauki minti guda ko fiye kafin ta fara watsa sunanta. Kod ɗin da ke gwadawa na daƙiƙa goma a farkon tashi ya haƙura zai riga rautar gajiya. Masu amfani da kod ɗin saitin Wi-Fi mai suna WiFiManager sun fi shan wannan: idan na'urar ta nemi rautar ta rasa, sai ta buɗe nata shafin saiti ta zauna jiran mutum, kuma idan ba a sa mata iyakar lokaci ba, haka za ta kwana a saman tanki ko a gona ba mai zuwa. Gyaran shi ne a sa wa shafin iyaka, a riƙa duba haɗin a kai a kai ba a farkon tashi kaɗai ba, a ƙara tazara tsakanin gwaji da gwaji, idan an yi wasu mintoci ba nasara na'urar ta sake tayar da kanta. A cikin jiran kuma a bar ɗan jinkiri a kowane zagaye, domin ESP8266 tana sake tashi da kanta idan kod ya riƙe ta kusan daƙiƙa uku bai ba rediyo dama ba.

Kafin a ɗaura na'urar a inda za ta zauna, a jona ta da rautar a kan soket ɗaya, a kashe, a kunna su tare, a tsaya a ga ko za ta dawo ba tare da an taɓa ta ba. A maimaita, wannan karon a bar rautar a kashe na rabin awa kafin a mayar da ita.