Murar da Ba Ta Warkewa: Kyanwa, Katifa da Hancin Yaro

A gidaje da yawa akwai yaron da kullum ake cewa yana mura: atishawa a jere da sassafe, majina tsinkakkiya, hanci a toshe da dare, ga shi yana ta murza shi da tafin hannu. Murar da ƙwayar cuta ke kawowa takan wuce cikin kwana goma. Wadda ta shafe watanni ba zazzaɓi, sau da yawa alaji ce, wato garkuwar jiki ta tsargu da wani abu marar illa tana yaƙarsa. Babban binciken ISAAC kan asma da alaji a yaran ƙasashe daban-daban, wanda aka fara a 1991 kuma ya haɗa da Ibadan, ya nuna a rahotonsa na 2006 cewa wuraren da matsalar ke ƙaruwa sun fi waɗanda take raguwa yawa. A ganina, babban dalilin yana cikin ɗakin da yaron ke kwana.

Kyanwa na fitar da wani sinadari mai suna Fel d 1 daga miyaunta da fatarta. Idan ta lashe jikinta sai ya bushe a gashi, ya tashi cikin iska ya daɗe yana yawo, ya manne a kujera da labule da kayan makaranta. Shi ya sa ake samunsa har a azuzuwan da kyanwa ba ta taɓa shiga ba. Ba ita kaɗai ba ce kuwa. Akwai ƙananan ƙwarin ƙura da ido ba ya gani, masu zama cikin katifa da matashi suna cin ɓawon fatar mutum, waɗanda ke yaɗuwa idan damina ta kawo laima. Akwai kashin kyankyaso, akwai fumfunar bango.

Wani zai ce iyaye da kakanni sun zauna da kyanwa ba su san wannan ba. Amma ita waccan kyanwar a tsakar gida da bakin rumbu take farautar ɓera, tabarmar kwana kuma kullum a kakkaɓe ta a shanya a rana. Yau an shimfiɗa kafet, an sa katifar soso mai kauri, an rufe tagogi saboda sauro da ƙura, kyanwa tana kwana a kan gado. Gidan ne ya sauya, abin da iska da rana ke kwashewa a da yanzu taruwa yake. Masu ɗora laifin a kan hunturu ma suna da gaskiyarsu, don ƙura da turaren wuta da hayaƙin maganin sauro suna harzuƙa hanci, sai dai hunturu ba ya bayyana toshewar da ke nan har tsakiyar Agusta.

Illar ta wuce majina. Yaron da ke numfashi ta baki ba ya samun barci mai kyau, sai ya yini yana gyangyaɗi a aji, a ce masa malalaci. Hanci da huhu hanya ɗaya ce, kuma yawancin masu asma suna da alajin hanci. Abin takaici, ana ta ɗura wa irin waɗannan yara maganin kashe ƙwayoyin cuta daga kemis, wanda ba ya taɓa alaji, ko Piriton mai ƙara musu barci.

Duk da haka ban goyi bayan a kori kyanwa bisa zato ba. Sinadarinta kan ɗauki watanni kafin ya ragu a gida, don haka gwajin fitar da ita na mako guda ba ya nuna komai, kuma ɓerayen da za su dawo fitsarinsu ma yana tayar da alaji. Gwajin fata a asibiti, inda ake ɗiga abin da ake zargi a ɗan tsira fatar hannu, yana ba da amsa cikin minti 20. Kafin a samu wannan, a hana kyanwa shiga ɗakin kwana, a naɗe kafet, a riƙa shanya katifa da matashi a rana, likita kuma ya duba ko yaron na buƙatar maganin feshin hanci.