Daren da Duniya Ba Ta Tashi Ba

A daren 20 ga Disamba na 1954, wasu mutane suka taru a falon wata mata mai suna Dorothy Martin, a unguwar Oak Park da ke gefen birnin Shikago a Amurka, suna jiran jirgin da zai kwashe su. Matar ta ce wasu halittu daga wata duniya da ake kira Clarion suna aiko mata saƙo, kuma sun shaida mata cewa kafin gari ya waye ranar 21 ga wata ambaliya za ta cinye ƙasa. Waɗanda suka yi imani ne kaɗai za a ɗauke da tsakar dare. Wasu daga cikinsu sun ajiye aiki, wasu sun rabar da kayansu, wasu sun ɓata da iyalansu. An ce musu kada ƙarfe ya taɓa jikinsu a cikin jirgin, don haka suka zauna suna farke zif daga wanduna, suna cire duk wani abu na ƙarfe daga tufafinsu.

Ƙarfe goma sha biyu ta buga. Shiru. Aka ce agogon ne ya yi gaba, aka duba na biyu. Shi ma ya cika, ba kowa. Haka suka zauna jugum har wajen ƙarfe 4:45 na asuba, sai matar ta ce sabon saƙo ya iso: hasken da wannan ɗan taro ya baza cikin dare ya sa Ubangiji ya fasa halaka duniya. Mutanen da a da suke gudun 'yan jarida, da safe su ne suka ɗauki waya suna kiran gidajen jaridu.

Abin da ba su sani ba shi ne akwai 'yan leƙen asiri a cikinsu. Leon Festinger, masanin halayyar ɗan Adam daga Jami'ar Minnesota, da abokan aikinsa Henry Riecken da Stanley Schachter, sun saje da taron tun kafin ranar, suna rubuta abin da suka gani. Suka fitar da littafi a kan lamarin a 1956, sannan a 1957 Festinger ya tsara ra'ayinsa gaba ɗaya. Ga abin da ya ce: idan abin da mutum ya yarda da shi ya yi karo da abin da ya aikata, ko da abin da idonsa ya gane masa, zuciyarsa ba ta samun sukuni sai ya daidaita su. Hanyoyin daidaitawa kuwa ba su da yawa. Ko ya canza aikin, ko ya canza imanin, ko ya ƙirƙiro wani bayani da zai haɗa su. Mafi arha a cikinsu shi ne na ƙarshe, kuma shi muka fi ɗauka.

Misalin da Festinger kansa ya kawo shi ne mashayin taba. Ya san tana jawo cutar daji, ga gargaɗi a jikin kwali, amma yana kunna ta. Ka tambaye shi, amsa a bakinsa take: kakansa ya sha har ya tsufa, ai kowa da kwanansa, in ya bari ƙiba za ta kama shi. Ba ƙarya yake shara maka da gangan ba. Kansa ya fara shawowa kafin ya zo gare ka, kuma nan ne abin yake da ban tsoro.

Gwajin da ya fi shahara an yi shi a Jami'ar Stanford, aka wallafa a 1959. Festinger da James Carlsmith suka sa ɗalibai maza 71 wani aiki mai gundura na tsawon awa guda: jera ƙananan kwarkwaron zare a faranti a kwashe a sake jerawa, sannan murɗa wasu turaku kaɗan-kaɗan. Da an gama, sai a roƙi ɗalibi ya gaya wa mai jiran layi cewa aikin akwai daɗi. Wasu aka ba su dala 20 ladan wannan ƙaryar, wasu dala 1. Daga baya aka tambaye su tsakani da Allah yadda suka ji aikin. Hankali zai ce wanda ya karɓi dala 20 shi zai yabi aikin. Akasin haka aka samu. Mai dala 20 ya san dalilin da ya sa ya yi ƙarya, kuɗi ne, don haka ya ce aikin ba daɗi. Mai dala 1 fa? Ba zai iya gaya wa kansa cewa ya sayar da gaskiyarsa a kan dala ɗaya ba. Sai ya lallaba zuciyarsa ta yarda cewa, to, aikin ma ai ba laifi.

Wato ke nan, iya abin da ka kashe, iya yadda za ka kare. Wanda ya ga yadda aka yi da MMM a Nijeriya ya ga wannan da idonsa. A Disamba na 2016 aka rufe asusun masu zuba kuɗi a wannan tsari na ɗan Rasha Sergei Mavrodi, bayan Babban Bankin Nijeriya ya sha yin gargaɗi. Wanda ya sa 'yan canjinsa ya yi tsaki ya wuce. Amma wanda ya zuba jarinsa, ya kuma jawo ƙaninsa da surukinsa, shi ne ka ji yana cewa gyara ake yi, a jira Janairu, masu hassada ne ke ɓata suna. Ba kuɗin kaɗai yake karewa ba. In ya amsa cewa damfara ce, dole ya amsa cewa shi ya kai 'yan'uwansa aka yanka, alhali shi a ganinsa mutum ne mai wayo kuma mai amana. Elliot Aronson, ɗalibin Festinger, ya ce ainihin zafin a nan yake: karon ya fi ciwo idan ya taɓa yadda mutum yake kallon kansa.

Sai dai kada mu ma mu riƙe wannan ra'ayi kamar yadda mutanen Oak Park suka riƙe jirginsu. Tun da daɗewa masu suka sun nuna cewa masu binciken da suka kutsa cikin ɗan ƙaramin taron sun yi yawa, kuma zuwansu kaɗai ya iya ƙara wa mutanen ƙwarin gwiwa. Taron ma ya watse ba da jimawa ba. A 1967 Daryl Bem ya ce ba sai an kawo zancen ƙuncin zuciya ba: mutum yana duban abin da ya aikata ne ya gane ra'ayinsa daga ciki, kamar yadda yake wa maƙwabcinsa. A 2024 kuma wani babban gwaji da aka yi a ɗakunan bincike na ƙasashe da yawa ya kasa tabbatar da wani muhimmin ɓangare na irin waɗannan gwaje-gwajen, wato cewa mutum ya fi sauya ra'ayi idan da zaɓinsa ya yi aikin. Muhawarar ba ta ƙare ba.

Ni dai abin da na fi gamsuwa da shi shi ne darasin da ke cikin jayayya. Idan ka tsare mutum a gaban jama'a da hujja, ka ce ga shi nan ka ga kuskurenka, ka ƙara masa tsadar janyewa ne, don yanzu ban da asara har da kunya zai biya. Shi ya sa musu a majalisa kan ɗan takara yake ƙarewa kowa ya ƙara kafewa. A cikin mabiyan Dorothy Martin, waɗanda suka kwana su kaɗai a gidajensu a wani gari, babu mai ƙarfafa musu gwiwa kuma babu idon da za su ji wa kunya, galibinsu sun saki imanin ko ya yi rauni. Waɗanda suka kwana tare a falon ne suka wayi gari suna wa'azi. Ita kuwa matar ta bar Shikago, ta sauya suna, ta ci gaba da isar da saƙonninta har ta rasu a 1992.