Malaman Makaranta Da Kifin Kogin Yobe

Duk ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Badun ko Anacha ya san bandar da ake saukewa cikin kwalaye, ya kuma san shanun da tireloli ke kwasowa daga kasuwar Potiskum. Amma ba kowa ya san cewa ruwan da ke raya kifin nan, ya kuma shayar da garken nan da rani, ya daɗe yana ja da baya ba.

Shi garin Potiskum babu wani babban kogi da ya ratsa shi, amma yana zaune ne a tsakanin magudanai biyu. Ta arewa akwai Komadugu Gana, wanda ya biyo ta Misau ya nufi Dapchi, ya haɗu da Kogin Yobe, suka faɗa Tafkin Chadi. Ta kudu kuwa, wajen Ngalda a ƙasar Fika, Kogin Gongola ne, wanda ke zuba cikin Binuwai har ruwansa ya kai teku. Watau malami a wannan yanki yana iya nuna wa yara inda ruwan sama ke rabuwa biyu ba tare da ya buɗe taswira ba. A garin kuma akwai Kwalejin Ilmi ta Tarayya mai koyar da sana'o'i, inda ake horar da malaman kimiyya da na aikin gona.

To, me ya kamata malaman nan su fita da shi?

Da farko dai, kifi ba a tsakiyar kogi yake yin yawa ba. Idan damina ta yi nisa, kogunan Haɗeja da Jama'are suka cika suka malala cikin fadamun Nguru da Gashuwa, tarwaɗa da karfasa da bargi sai su bi ruwan su shiga ciyawa su yi ƙwai, 'ya'yan su yi ƙiba a can kafin ruwa ya janye. In malalar ta yi faɗi, a sami kifi. In ta ƙanƙance, masunci ya koma gida da gora wayam. A farkon shekarun 1970 ruwan yakan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000, amma a farkon shekarun 1990 bai kai 1,000 ba. Fari ya taimaka, musamman na 1973 da na 1984, sai dai kuma madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa ta 1992 sun riƙe ruwan damina a ƙasar Kano, suna sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan saki mara yankewa shi ya yi wa ciyawar kacalla daɗi, ta toshe hanyoyin ruwa, gonakin wasu suka nutse, na wasu suka bushe, tsuntsun jan baki kuma ya sami maɓoya.

Ga kuma ɓarnar da ke hannun mutane: taru mai ƙananan idanu da ba ya barin ko ɗan kifi, da dumba da ake gittawa a mashigar ruwa, da masu zuba guba irin su Gamalin. A da sarkin ruwa yakan hana su a wasu kududdufai sai ranar da aka sa, kamar yadda ake yi a bikin kamun kifi na Bade a Gorgaram. Yaron da ya ji dalilin wannan hani daga bakin malaminsa ba zai ɗauke shi camfin tsofaffi ba.

Ba yau aka fara tunanin ba. A 1987 aka kafa shirin kare fadamun Haɗeja da Nguru, da hannun ƙungiyar IUCN da Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya, kuma wayar da kan jama'a na cikin ayyukansa. A 1989 mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya ziyarci Dagona don ganin tsuntsayen da ke tsere wa sanyin Turai. A 2000 kuma aka sa Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Amma shiri mai dogaro da kuɗin waje yakan tsaya in kuɗin ya ƙare, alhali malami guda yakan yi shekara talatin yara na wucewa ta hannunsa.

A Amurka, a jihohin Washington da Oregon, inda madatsai irin su Grand Coulee suka tare wa kifin salmon hanyarsa ta hawowa daga teku, ana horar da malamai su ƙyanƙyashe ƙwan kifin a cikin aji, yara su yi renonsa, sannan su sake shi a rafi. Salmon dai ba ya rayuwa a ruwan zafi, amma tarwaɗa tana rayuwa ko a baho, kuma masu kiwonta sun cika garuruwan Arewa. Kayan aikin ba su fi ƙarfin makarantar ƙauye ba: baho ɗaya, da ma'aunin ruwan sama na gwangwani, da sanda mai alamu da za a kafa a bakin kududdufi, yara su riƙa rubuta tsayin ruwa kowane mako. Daga Potiskum zuwa Gashuwa tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota, ɗalibin kwaleji yana iya zuwa ya ga kacalla da idonsa, ya zauna da masunta, kafin a ba shi alli.

Su kuwa 'yan ƙungiyoyin ci gaban gari da ke Agege da Sabon Badun, waɗanda suka saba aika kujeru da kwanon rufi zuwa makarantun gida, kuɗin motar irin wannan tafiya bai kai na buhunan siminti ashirin ba.