Yadda masana ke tantance zanzaron da ke farautar gwazarma

A cikin ƙwari masu harbi akwai wani dangi da masana suka raɗa wa suna Scoliidae, wanda ke da nau'o'i kusan 560 a faɗin duniya. Manoma da dama kan ɗauke su a matsayin rina su kashe su, alhali ba sa gina sheƙa, ba sa zama a taro, kuma ba kasafai suke harbin mutum ba sai an damƙe su.

Macen takan tona ƙasa ko juji ta nemo gwazarma, wato farar tsutsar nan ta dangin buzuzu, ta harbe ta har ta sandare, sannan ta saka ƙwai guda a jikinta. Idan ƙwan ya ƙyanƙyashe, ɗan ya cinye gwazarmar. Da yake wasu irin tsutsotsin nan na cin saiwar rake da masara, wannan zanzaro abokin manomi ne.

Launi shi ne abin da ido ke fara gani, kuma shi ya fi yaudara. Yawancinsu baƙaƙe ne masu gashi, da ɗigo ko zane na rawaya ko ja, amma launin kan bambanta ko a cikin nau'i ɗaya. Saboda haka masana suka fi dogara da fiffike. Ƙarshen fiffiken yana da ƙananan tamoji masu yawa a jere, alamar da ke raba wannan dangi da sauran zanzaro. Idanunsa kuma suna da loɓa ta ciki kamar ƙoda.

Daga nan sai a duba jijiyoyin fiffiken gaba da madubin ƙara girma. Akwai wasu jijiyoyi da ke gitta tsakiyarsa: idan biyu ne, galibi ƙwaron ɗan rukunin Campsomerini ne, idan ɗaya ce, na Scoliini ne. A cikin Scoliini ma ana ƙirga ƴan ɗakunan da jijiyoyin suka zana kusa da gefen fiffike. Jinsin Scolia yana da biyu, Megascolia kuwa uku. A wannan jinsi na biyu ne ake samun Megascolia maculata, zanzaro mafi girma a Turai, wanda macensa kan kai kusan santimita 6.

Wahalar ta fi yawa wajen haɗa namiji da macensa. Namiji siriri ne, ƙahonninsa dogaye masu gaɓa 13, kuma yana da ƙayoyi uku a ƙarshen cikinsa, waɗanda ba dafi a cikinsu. Mace ta fi kauri, gaɓoɓin ƙahonta 12, ƙafafunta masu ƙaya don tono. A rukunin Campsomerini bambancin ya kai har an sha ba namiji da mace sunaye daban, a zaton nau'o'i biyu ne, sai daga baya aka gyara.

Tantancewar tana da tasiri a gona, domin ba kowane nau'i ne ke farautar kowace tsutsa ba. A shekarar 1916 an kai wani nau'i daga Filifin zuwa tsibiran Hawai, inda tsutsar wani ƙwaro mai suna Anomala orientalis ke lalata rake, kuma ya rage ɓarnar ƙwarai. A lokacin ana kiransa Scolia manilae; bincike na baya ya fitar da shi daga jinsin Scolia ya mayar da shi rukunin Campsomerini.