Maƙeran manhaja: a sake kayan aiki ko a riƙe na da?

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta nufi Katsina ya san Ɗan Isa, garin iyaka na gundumar Madarunfa, inda manyan motoci ke jeruwa, wasu da wake da aya da dabbobi za su fita, wasu da siminti da taki za su shigo. A shekarun baya lissafin wannan dukiya cikin littafi yake kwana: littafin ɗan kasuwa, littafin duwan, littafin mai karɓar haraji. Yau wani babban kaso na lissafin ya koma cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda wasu ke kira kwamfuta, ma'aikatan biro kuma su ce ordinata. Na'urar ba ta san komai da kanta ba. Abin da ke tafiyar da ita shi ne manhaja, wato jerin umarni da wani ɗan Adam ya zauna ya rubuta.

Masu wannan rubutu su ne maƙeran zamani, kuma kamar kowane maƙeri suna da nasu kayan aiki. Akwai muhawarar da ta daɗe tsakaninsu: in kamfanin da ya yi kayan aikin ya fito da sabon samfuri, a ɗauka ko a bari? A ido kamar gardamar masu sana'a ce kawai. To amma ɗan kasuwar da bashin da yake bin mutane ke cikin na'ura, da ma'aikacin da ke riƙe da rajistar haihuwa ko ta albashi, su ne ke biyan kuɗin amsar, ko an shawarce su ko ba a shawarce su ba.

Mene ne kayan aikin?

Maƙerin ƙarfe yana da uwar maƙera da masaba da awartaki da zuga-zugi. Mai rubuta manhaja yana da abu huɗu. Na farko harshen da yake rubutu da shi, kamar Java ko Python. Na biyu wata manhaja da ke juya rubutunsa zuwa abin da na'ura ke ganewa. Na uku guntayen aiki da wasu suka riga suka rubuta, yake arowa ya haɗa da nasa don kada ya fara komai daga tushe. Na huɗu dandamalin da duka ke zaune a kai, wanda a mafi yawan ofisoshi Windows ne.

Bambancin shi ne, masaba ta kakan maƙeri tana iya yi wa jikansa aiki, amma waɗannan kayan suna da wa'adi. Kamfanin Microsoft ya fito da Visual Basic 6 a 1998, aka rubuta manhajojin shaguna da ofisoshi masu ɗimbin yawa da shi, sannan ya daina kula da shi a 2008. Ya janye hannunsa daga Windows XP a watan Afrilu na 2014, daga Windows 7 a Janairun 2020, daga Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025. WinDev, wanda wani kamfanin birnin Montpellier na Faransa ke yi, kuma ya karɓu a ƙasashe masu aiki da Faransanci, kowace shekara sai an fito da sabon samfurinsa. Ranar da mai kaya ya janye hannu, na'ura ba ta mutuwa, aiki na ci gaba kamar jiya. Abin da ya ƙare shi ne gyara: duk ɓarakar da aka gano bayan wannan rana, babu mai toshe ta.

Hujjar masu cewa a bari

Masu riƙe da tsofaffin kaya ba ragwaye ba ne, suna da hujja mai nauyi. Ta farko kuɗi ce. Lasisin kayan aiki da kuɗin waje ake sayensa, kuma tun daga 1999 Yuro ɗaya sefa 655,957 yake. Dattawan kasuwa ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, farashin duk abin da ake shigowa da shi daga Faransa ya ninka a dare ɗaya. Bugu da ƙari, sabuwar manhaja sau da yawa sabuwar na'ura take nema. Windows 11 ba ya hawa kan yawancin tsofaffin na'urori, alhali na hannu su ne ƙaramin ɗan kasuwa ke iya saye.

Hujja ta biyu wuta da intanet. Kayan aikin zamani da dama an yi su ne da zaton na'ura kullum tana haɗe da duniya. Mutanen jihar Maraɗi sun ga iyakar wannan zato a watan Agustan 2023, sa'ad da Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, ba a maido ta ba sai a Maris na 2024. A irin wannan hali, tsohuwar manhaja da ke aiki ita kaɗai a kan na'ura guda da baturi ta fi wa mai shago amfani bisa sabuwa da ke jiran saƙo daga ƙetare.

Hujja ta uku ita ce sabon abu ma yana zuwa da nasa ciwo. Ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin CrowdStrike na Amurka ya aika wa abokan cinikinsa wani ɗan gyara da ke da kuskure. Cikin sa'o'i kaɗan na'urori kimanin miliyan 8 da rabi suka tsaya cik, jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka koma ga takarda da alƙalami. Waɗanda abin ya shafa ba sakaci suka yi ba, sabo suka karɓa ba tare da an ba su damar gwadawa ba.

Hujjar masu cewa a sake

Ɗaya ɓangaren ma yana da nasa misalin. Equifax kamfani ne a Amurka da sana'arsa ita ce riƙe bayanin bashin jama'a. Maƙeransa sun yi aiki da wani guntun aro mai suna Struts. A watan Maris na 2017 aka gano ɓaraka a jikin guntun, aka kuma fito da gyararren samfuri, amma kamfanin bai sauya nasa a kan lokaci ba. Ɓarayi suka bi ta wannan kafa suka kwashe bayanan mutane kusan miliyan 147. A 2019 kamfanin ya amince da biyan tara da diyya da za su iya kai dalar Amurka miliyan 700. Aikin da zai ci ƴan kwanaki shi ya zama asarar shekaru.

Ba ɓarawo kaɗai ke tilasta canji ba, doka ma tana yi. Ranar 1 ga Janairun 2018 sabon tsarin lissafin kamfanoni na ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, har da Nijar, ya fara aiki. Duk manhajar lissafi da aka gina a kan tsohon tsari sai da aka taɓa ta. Wanda maƙerinsa ke nan kuma kayan aikinsa na raye, an gyara masa. Wanda aka rubuta tasa da kayan da ba su hawa na'urar yau, ko maƙerin ya bar ƙasa da asalin rubutun a jakarsa, sai dai ya sayi sabuwa ya sake shigar da lissafinsa da hannu.

Duwan ma ta bi wannan hanya. Manhajar SYDONIA, wadda hukumar ciniki ta Majalisar Ɗinkin Duniya, CNUCED, ta fara ginawa a farkon shekarun 1980 bisa roƙon ƙungiyar CEDEAO, an sake ƙera ta fiye da sau ɗaya: SYDONIA++ a shekarun 1990, daga baya kuma SYDONIA World, wadda aka rubuta da Java take aiki ta intanet. Nijar ta koma kanta a shekarun 2010. Sa'ad da babbar hukuma ta sauya, masu cika wa ƴan kasuwa takardun duwan ba su da zaɓi, dole na'urorinsu su bi.

Akwai kuma hujjar da ta shafi Bahaushe kai tsaye. Tsofaffin kayan aiki da yawa ba su san haruffan ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba, domin an yi su ne kafin tsarin Unicode, wanda ya tattara haruffan harsunan duniya tun daga 1991, ya kankama. A wurinsu Ɗan Isa sai ya koma Dan Isa, ko a ga alamar tambaya a gurbin harafin. Gyara yadda ake riƙe rubutu na daga cikin manyan dalilan da suka sa aka fito da Python 3 a Disambar 2008. Amma da yake tsohon rubutu ba ya aiki a kansa sai an gyara, maƙera da yawa suka ƙi motsawa. An sa 2015 a matsayin ranar rufe Python 2, aka ɗage zuwa 1 ga Janairun 2020. Waɗanda suka fara da wuri sun yi ƙaura sannu a hankali, waɗanda suka jira ranar ƙarshe suka yi ta a guje.

Rumbu ba a gyara shi ranar ruwa

Idan aka auna hujjojin biyu, za a ga tambayar ba a sake ko kada a sake ba ce. Kowane kayan aiki wata rana za a bar shi. Abin da ke hannun mutum shi ne lokaci, da kuma yadda za a yi. Manomin Gabi ko na Safo ba ya yaɓe rumbunsa ranar da hadari ya haɗu, da rani yake yi, sa'ad da in aikin ya ɓaci akwai sauran lokacin gyara.

Maƙeran da suka ƙware haka suke yi. Ƙaramin gyara da ke toshe ɓaraka suna ɗaukarsa da wuri. Babban canji kuwa ba su rige-rigen karɓarsa ranar da ya fito, sukan bari wasu su fara taka ƙayar, amma ba su bari wa'adin tsohon ya cika a kansu. Kafin su taɓa komai sai sun kwafe bayanai sun ajiye a wani wuri dabam. Sukan gwada sabon a kan na'ura guda, a tafi da tsoho da sabo tare na ɗan lokaci a ga ko lissafinsu ya zo ɗaya. Kuma sukan kauce wa lokacin kaka ga mai sayen amfanin gona, da ƙarshen wata ga mai biyan albashi, da ƙarshen shekara ga mai rufe lissafi.

Ɗan kasuwa ko shugaban ofis ba sai ya iya rubuta manhaja ba kafin ya tsare kansa. Tambayoyi huɗu sun ishe shi kafin ya sa hannu a yarjejeniya. Da wane kayan aiki aka rubuta manhajar, kuma yaushe mai shi zai daina kula da shi? Asalin rubutun, wanda ba a iya gyara sai da shi, a hannun wa zai zauna? Ana iya fitar da bayanai cikin siffar da wata manhaja za ta iya karantawa? Kuɗin sabuntawa na shekara nawa ne, kuma wa zai biya? A ma'aikatun gwamnati tambaya ta ƙarshe ta fi ciwo, domin sau da yawa wani shiri na masu ba da tallafi ke kawo manhaja, shirin ya ƙare bayan ƴan shekaru, ba a ware ko dala a kasafin kuɗi don kula da ita ba.

Madarunfa, mai nisan kilomita 20 da ƴan kai daga Maraɗi, ba ta da ta cewa a kan ranar da wani kamfani a Amurka ko Faransa zai rufe kayansa. Amma ranakun ba a ɓoye suke ba, ana shelar su shekaru kafin su zo. Mai shagon da ya rubuta ranar a bangon littafinsa, ya riƙa ware ƴan jikkuna kowace kaka, zai sauya kaya a lokacin da ya zaɓa. Wanda bai rubuta ba shi ma zai sauya, sai dai a ranar da na'ura ta ƙi buɗewa, mota na tsaye a Ɗan Isa, masu bashi kuma suna jiran a nuna musu shaida.