Motar da ke mutuwa a hanya: tambayi "yaushe" kafin ka tambayi "nawa"

Babu cutar mota da ke cin kuɗi a banza kamar mutuwar inji. Idan lagireto ya fashe kowa yana ganin ruwa a ƙasa, idan fanbel ya tsinke ga shi nan a hannu, babu musu. Amma motar da take cikin tafiya lafiya ta mutu a tsakiyar shataletale, ta ƙi tashi, sannan bayan rabin sa'a ta tashi kamar ba ita ba, ita ce ke sa magidanci zarya tsakanin gareji da Kasuwar Ƙofar Ruwa. Yau a ce filogi ne, gobe a ce famfon mai, jibi a ce nozul, gata kuma a yanke hukuncin cewa ƙwaƙwalwar motar ce ta ƙone. Kowane canji da kuɗinsa, albashi yana zurarewa, cutar kuwa tana nan daram.

Akasarinmu ba sabuwar mota muke hawa ba. Tokumbo ce, wadda ta gama ƙuruciyarta a Amurka ko Turai, ta sauka a Legas ko Kwatano da shekara goma ko sha biyar a kanta. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo. Waɗannan motoci kwamfuta ce ke tafiyar da injinsu, alhali da yawa daga cikin iyayen gidan kanikawanmu a kan Peugeot 504 mai kabureta, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, suka koyi sana'a. Ban faɗi haka don in rage musu daraja ba. Na ga bakaniken da ke gane ciwon inji da kunnensa tun mota ba ta gama shigowa gareji ba. Sai dai wannan cuta tana da hali irin na zazzaɓin da ke sauka da zarar an isa asibiti. A gaban bakanike motar za ta yi ta kiɗa lafiya lau. Mutum ɗaya ne kawai yake nan lokacin da abin ke faruwa, shi ne mai motar, kuma shaidar da ya saba bayarwa ba ta wuce "tana mutuwa ne kawai" ba. Wanda aka ba wa wannan bayani, in bai yi canki-canka ba, me zai yi?

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, mu 'yan boko, da muke tsare ɗalibi a kan ya kawo hujja kafin ya yanke hukunci, mu ne kan gaba wajen miƙa makulli mu ce a duba, mu koma gefe muna danna waya. Ra'ayina shi ne rabin binciken wannan matsala a gida ake yin sa, kuma ba ya bukatar sifana. Ido da kunne da 'yar takarda sun isa a fara.

Injin fetur abu uku yake nema don ya ci gaba da juyawa: mai, da iska, da tartsatsin wuta a daidai lokacinsa. Kwamfutar motar ce ke daidaita ukun, tana dogaro da labarin da wasu ƙananan na'urori, waɗanda ake kira sansa, ke aiko mata. Duk lokacin da inji ya mutu, ɗaya daga cikin ukun ne ya yanke, ko kuma wani sansa ya yi wa kwamfuta ƙarya. Kowanne kuma yana da lokacin da ya fi nuna halinsa. Shi ya sa tambayar farko ita ce yaushe take mutuwa, kuma yaya take mutuwar.

Idan a tsaye take mutuwa, a danja ko cikin cunkoso, musamman in an kunna na'urar sanyaya mota, amma da zarar an taka totur sai ta farfaɗo, to zargi ya fi karkata ga hanyar iska. A lokacin silo ɗan ƙaramin wuri ne iska ke bi ta maƙogwaron totur, kuma ƙurar hunturu da tururin baƙin mai suna haɗuwa su yi masa kauri har ya toshe. Mai mota zai iya buɗe akwatin matatar iska ya ɗaga ta sama ya ga ko haske na ratsa ta. Zai iya bin tiyon roba da ke kewaye da inji da ido, ya kasa kunne ko zai ji tsakin iska, domin zafin ƙasarmu yana busar da roba ta tsage, iskar da ba a ƙidaya ba ta riƙa kutsawa. Wanke maƙogwaron totur aiki ne mai araha, kuma sau da yawa nan maganar ke ƙarewa. Abin kiyayewa kawai shi ne sansa mai auna iska da ke bayan matata. Siririyar waya ce a cikinsa, ba a taɓa ta da hannu, ba a wanke ta da fetur.

Akwai kuma wadda ta fi tsoratar da mutane. Mota ta tashi da safe ba gardama, ta yi tafiyar minti ashirin ko talatin, sai ta mutu farat ɗaya kamar an murɗa makulli, babu tari babu jijjiga. Fitilun gaban direba suna nan a kunne, kana ba ta ki tana juyawa da ƙarfi amma ba ta kamawa. Ka zauna a inuwa ka sha ruwa, inji ya huce, sai ta tashi. A nan ne ake yawan ɗora wa ƙwaƙwalwar mota laifi, wani lokaci har a fara zancen sammu. Alhali babban abin zargi shi ne sansa mai gaya wa kwamfuta inda ƙarfen da ke juya inji, wato karanshaf, ya kai a juyawarsa. Idan ya tsufa, zafi kan sa waya ta rabu a cikinsa, in ya huce ta koma ta haɗu. Da zarar kwamfuta ta daina jin labarinsa sai ta yanke wuta da mai gaba ɗaya, domin ba ta san lokacin da za ta sake su ba. A motoci da yawa akwai alama mai sauƙi: lokacin da ta ƙi tashi, dubi allurar da ke nuna gudun inji yayin da kake ba ta ki. In ta kwanta ba ta ko motsi, zargin ya ƙara ƙarfi. Kwayil da ya gaji da rile na famfon mai su ma sukan yi wannan wasa da zafi, amma dukansu kuɗinsu bai kai ko kusa da na ƙwaƙwalwa ba.

Mutuwar da ƙarancin mai ke jawowa daban take. Tana zuwa da gargaɗi. Mota ta riƙa shaƙewa in ta zo hawa ko in za ka wuce babbar mota, ka taka totur ta ƙi amsawa, ta yi tari, sannan ta mutu a hankali. Gwajin gida a nan shi ne ka kashe rediyo, ka murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa ba tare da ka tayar ba, ka saurara ta wajen kujerar baya. A yawancin motoci za ka ji famfo ya yi ƙugi na kamar daƙiƙa biyu. In shiru ka ji, fara da fis da rile kafin ka yarda a sauke tanki.

Wannan ɓangare yana da alaƙa da aljihu kai tsaye. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, daga baya ma ta haura 1,000. Mutane da yawa, har da masu albashi, sun koma zuba lita biyar-biyar, fitilar mai ta zama abokiyar tafiya. Famfon mai na motocin zamani a cikin tanki yake zaune, kuma fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Wanda kullum tankinsa ke ƙasa yana gasa famfonsa ne sannu a hankali, yana kuma sa shi zuƙar iska a kwana da gangara. Ga kuma man galan na 'yan bumburutu, wanda ba ka san inda ya kwana ba. Ko na gidan mai ma ba a rantsuwa a kansa, domin ba mu manta da fetur mai yawan sinadarin metanol da ya shigo ƙasar nan a watan Fabrairun 2022 ya lalata injina ba. Saboda haka idan matsala ta fara ne jim kaɗan bayan shan mai a wani sabon wuri, wannan babbar shaida ce. A ɗebi kaɗan a zuba a kwalba mai haske a ajiye. In da ruwa, zai kwanta a ƙasa a gan shi ƙarara. Ba sai na ce a yi wannan nesa da murhu da janareta ba.

Idan kuwa komai ne ke ɗaukewa tare, fitilu da rediyo da allurai, a fara da kan batir. A girgiza shi da hannu a ga ko ya saki, a duba farin gishirin da ke taruwa a kansa, a bi wayar da ta tafi jikin mota. 'Yar mitar auna wuta ta masu gyaran rediyo za ta nuna kimanin 12.6 in batir yana da lafiya kuma inji a kashe, sannan tsakanin 13.5 da 14.5 in inji yana aiki. Ƙasa da haka, altaneta ce ba ta caji.

Sai maganar na'urar bincike. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da motocin fetur na Turai daga 2001, suna da wata kafa mai hujin waya 16 a ƙarƙashin sitiyari, wadda ake kira OBD. Akwai 'yar na'ura da ba ta fi akwatin ashana girma sosai ba, ana soka ta a wurin, ta haɗu da wayar hannu, ta karanto lambobin da kwamfutar motar ta ajiye. P0335 tana nuni ga da'irar sansan karanshaf, P0300 tana nufin inji yana tsallake wuta, P0171 kuma iska ta fi mai yawa. Kuɗinta bai kai na famfo ɗaya da aka canza a banza ba. Amma lamba ba hukunci ba ce. Tana gaya maka unguwar da ɓarawo ya shiga ne, ba ta kama maka shi ba. P0335 na iya zama sansan ne ya mutu, tana iya zama ɓera ne ya ci wayarsa. Kuma a rubuta lambar kafin a goge, domin akwai masu ɗauko kwamfuta su share komai, fitila ta mutu, su karɓi kuɗi a matsayin sun yi gyara.

Motar hannu tana zuwa da tarihin da ba a gaya maka ba, kuma wani tarihin a nan gida aka rubuta shi. Idan ka murɗa makulli, fitilar gargaɗin inji dole ta kama na ɗan lokaci. In ba ta kama ba ko sau ɗaya, mai yiwuwa wani ya cire ƙwanta ko ya liƙe ta kafin a sayar maka. Al'adar cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi, tana hana inji kaiwa zafin da aka tsara masa, kwamfuta ta yi ta zuba mai kamar har yanzu asuba ce, filogi su yi baƙi, silo ya lalace. Abin nan na cikin salansa da kanikawa ke kira indomi, in ya narke ya toshe, inji ba ya iya fitar da numfashi. Wasu motocin kuma ambaliya ce ta shanye su a can, aka yi gwanjonsu, aka wanke aka turo mana. Ɗaga kafet ka duba ƙarƙashin kujera, tsatsa da busasshen taɓo ba sa ɓuya.

Akwai iyaka ga abin da za a yi a gida. Auna ƙarfin turin mai, da kwance tanki, da duk abin da ya shafi tayamin, aikin masu sana'a ne. In fitilar baƙin mai ta kama yayin da inji ke aiki, ko allurar zafi ta haura, a kashe a bar gwaji. Kada kuma a bar mota tana aiki a rufaffen gareji, hayaƙinta yana kisa ba tare da wari ba. Kuma motar da ke mutuwa cikin gudu ba ta hawa babbar hanya da iyali a ciki da sunan a lallaɓa. Idan inji ya ɗauke, sitiyari yana yin nauyi, birki kuma taku ɗaya ko biyu ne ya rage masa kafin ya sandare. A irin wannan hali a kunna fitilun haɗari, a mayar da giya firi, a danne birki da ƙarfi ba tare da sakewa ana sake takawa ba, a gangara gefe. Kada a zare makulli mota tana tafiya, domin sitiyari zai iya kullewa.

Ranar zuwa gareji, a tafi da takardar: sau nawa ta mutu, da zafi ko da sanyi, a tsaye ko a guje, mai nawa ne a tanki, daga ina aka sha shi, minti nawa ta yi kafin ta tashi, wace lamba na'ura ta nuna. Ni nakan ce wa nawa bakaniken, "Maigida, ga abin da na gani, zan biya kuɗin bincike daban, amma kada a sayi komai sai an gwada tsohon a gabana." Sannan duk abin da aka cire, a sa mini shi a leda in tafi da shi gida.