Renon 'Ya'yan Kunamar Ruwa a Tankin Gilashi

Masuntan Binuwai da Neja sun san kunamar ruwa, kifin nan mai faɗi kamar faifai, da dogon bindi mai ƙari. A Garwa ta Kamaru aka samo wadda masana suka fara rubuta bayaninta a 1962, yau kuwa ta yi ƙaranci ƙwarai. Tana da dangi na nesa a kogunan Kudancin Amurka, wato Amazon da Orinoko da Parana, kuma su ne masu sha'awar kifin ado a Jamus da Tailan da Amurka suke kiwo a tankunan gilashi. Akwai motoro mai ɗigo-ɗigon ruwan goro, kowane ɗigo da baƙin zobe kewaye da shi. Akwai leopoldi ta kogin Shingu a Barazil, baƙa wuluk da fararen ɗigo, kai ka ce zabuwa ce ta faɗa ruwa ta baje.

Wannan kifi ba ya saka ƙwai, haihuwa yake yi kamar akuya. Cikin yakan kai wata uku zuwa huɗu, ɗan yana kwance yana shan wani ruwa mai kama da madara da mahaifar uwar ke tsattsafowa. Ran haihuwa sai ya fito a naɗe kamar tabarma, ya warware, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, ga ɗan ƙarinsa a bindi tun daga ranar. Uwar ba ta waiwayarsa. Manyan da ke tankin za su danne shi wajen cin abinci, wani ma ya gatsa masa gefe. Shi ya sa mai kiwo ke kwashe jariran zuwa nasu tankin, daga nan kuma shi ne uwa, shi ne ungozoma.

To wane irin tanki? Ka tuna bambancin tulu da daro. Ka iya zuba musu ruwa daidai wa daida, amma idan yaro za ka yi wa wanka, daro za ka ɗauko. Kunamar ruwa a ƙasa take rayuwa, a shimfiɗe, bakinta ma a ƙarƙashinta yake. Dogon tanki mai ƙaramin gindi asarar gilashi ne. Wanda ya ɗan wuce mita ɗaya a tsawo, da faɗin kamar rabin mita, zai riƙe jarirai biyu ko uku na 'yan watanni. Wasu kan shimfiɗa lallausan yashi ɗan kaɗan don jaririn ya binne kansa ya bar idanu a waje, wasu kan bar gindin tankin fayau don su riƙa ganin abin da ya ci da abin da ya kasayar. Ni na fi karkata ga na biyun a makonnin farko. Tsakuwa mai kaifi dai haramun ce a nan, don farin cikin nan nasa ya fi kuncin jinjiri laushi.

Babbar magana tana ga ruwan kansa. Kakannin wannan kifi daga teku suka shigo kogi, da zama ya yi zama sai jikinsu ya daina riƙe sinadarin fitsari kamar yadda 'yan uwansu na teku ke yi. Duk abin da suka ci, dattinsa na fita kai tsaye cikin ruwa a matsayin amoniya, wato abin nan da ke sa makewayi zarni. A Amazon ba komai, kogi ya kwashe ya yi gaba. A tanki kuwa, ɗaki ɗaya ne: nan ne wurin kwana, nan ne wurin cin abinci, nan ne bayan gida. Mai kiwon tarwaɗa zai ce ai shi ma ya san wannan. Ya sani, amma tarwaɗa 'yar wahala ce, idan ruwa ya ɓaci sai ta taso ta shaƙi iska ta koma. Jaririn kunamar ruwa ba shi da wannan dabarar. Amoniyar da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, ta isa ta ƙona masa hanyar numfashi.

A nan ne aikin matatar ruwa ya shigo, kuma wanda ya taɓa ganin yadda ake kindirmo ya riga ya fahimci rabin zancen. Bafulatana takan dafa madara, ta bari ta huce, ta ɗiga mata ɗan ragowar nonon jiya, ta rufe ƙwarya ta ajiye. Ba ta ganin masu aikin, amma ta san suna ciki, kuma ta san gaggawa ba ta sa nono ya yi barci. Matatar tanki haka take. A cikinta ake zuba soso da wasu 'yan duwatsu masu ƙofofi birjik, a jikinsu bakteriya masu amfani suke kafa gida. Rukuni ɗaya su cinye amoniya su mayar da ita naitirayit, wanda shi ma guba ne. Rukuni na biyu su karɓa su mayar da shi naitiret, wanda da sauƙi. Kafin waɗannan ma'aikata su yi yawan da za su iya da kashin kunamar ruwa, sai an ba su wata guda ko fiye, tankin yana aiki babu kifi a ciki, ana ɗiga musu amoniya suna ci, ana gwada ruwan da 'yan kwalaben gwaji har a ga guba biyun farko sun koma sifili. Mai dabara kan roƙi tsohon soso daga matatar da ta daɗe tana aiki ya saka a sabuwa. Ragowar nonon jiya ke nan.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yawancin jariran da ke mutuwa a hannun sababbin masu kiwo a wannan gaɓar suke mutuwa. Mutum ya sayi tanki ran Asabar, ya cika shi da ruwa garau, ya sayo kifi ran Lahadi. Ruwan ya yi kyau a ido, amma ƙwaryar sabuwa ce, babu kowa a ciki.

Wankin matatar ma da ladabinsa. Ruwan famfo akwai kulorin a ciki, an zuba shi ne takanas don ya kashe ƙwayoyi, kuma ba ya tambayar wanne ne mai amfani. Ka ɗauraye soson a bakin famfo, ka kashe aikin wata guda cikin minti ɗaya. A bokitin ruwan da aka ɗebo daga tankin ake matse shi a hankali, kuma ba a wanke duka rana ɗaya.

Masu kiwo da gaske kan ajiye tanki na biyu a ƙarƙashin na farko. Ruwa ya gangaro, ya fara bi ta auduga da ke tare dusa kamar rariya, ya ratsa gidan bakteriya, sannan injin turo ruwa ya mayar da shi sama, haka nan dare da rana, ruwan tankin duka yana zagayawa sau da yawa cikin awa guda. A nan ƙasa ake ɓoye hita, don kunamar ruwa na son ɗumi, digiri 26 zuwa 28 haka, amma idan ta tarar da hita a fili sai ta kwanta a kai har ta ƙone. Bakin bututun da ke zuƙar ruwa kuma a sa masa hular soso, kada ya manne jariri. Injin nan bai kamata ya tsaya ba. Bakteriyar da iska suke rayuwa, idan wuta ta ɗauke na sa'o'i sai su fara mutuwa, saboda haka batir ko janareto na cikin kayan reno.

Naitiret da ya taru fa? Matatar ba ta cinye shi, sai dai a kwashe. Kashi ɗaya cikin uku na ruwan, sau ɗaya ko sau biyu a mako, a maye gurbinsa da wanda aka cire wa kulorin, mai ɗumi daidai da na ciki.

Sai ci. Jaririn na ci sau biyu ko uku a rana, a fara masa da ƙananan tsutsotsi masu rai don motsinsu ya ja hankalinsa, sannan yankakkiyar tana, daga baya jatan lande da tsokar kifi. Ka tsaya ka kalle shi: zai kifu a kan abincin kamar an kifa kwano, gefunansa na kaɗawa, ƙofofi biyun da ke bayan idanunsa suna buɗewa suna rufewa. Ƙoshinsa a bayansa ake gani, wajen gindin bindi yakan ɗan tasa. Idan ka ga ƙasusuwa biyu sun fito a nan, ko goshinsa ya lotsa tsakanin idanu, yunwa ta ci shi. Idan kuwa gefunan faifan suka lanƙwashe sama suka ƙi sauka, abin ya yi nisa, kuma ruwan za ka fara gwadawa kafin ka nemi magani. Maganin ma a duba, duk wanda ke da jan ƙarfe a ciki yana kashe su.

Ba a kama shi da koma, ƙarin zai sarƙe. Da roba mai faɗi ake kamfato shi tare da ruwansa. Wanda tsautsayi ya sa aka harba, ya tsoma wurin a ruwan zafin da fata za ta iya jurewa, ya wuce asibiti.

Tafin hannun nan kuma ba zai tsaya a tafin hannu ba. Motoro takan kai faɗin babban tire, ta shekara goma sha tana raye, ta nemi tankin da ya kai mita biyu. Tun bayan taron yarjejeniyar CITES kan cinikin namun daji da aka yi a Panama a 2022, fitar da leopoldi da wasu 'yan uwanta daga wata ƙasa zuwa wata sai da takardar izini, don haka mai saye ya nemi haihuwar tanki mai takarda. Ya kuma san inda zai ajiye ta idan ta girma tun kafin ya biya kuɗi. A Singafo an tarar da motoro tana hayayyafa a madatsar ruwa ta Seletar, nesa da Amazon, kuma masana na ganin daga tankunan masu kiwo aka sako ta.